Ɗana, Kada Ƙanƙantar Harsashi Ta Ruɗe Ka

Ɗana, idan zama ya kai ka Amurka, za ka tarar da mutanen da ke ɗura harsashinsu da kansu a gida. Bayan an yi harbi sai su tsince kwanson tagullar, su wanke, su sa masa sabuwar hular da ke tayar da wuta a gindinsa, su auna albarushi su zuba, sannan su danna dalma a bakinsa. Dokar can ta yarda mutum ya yi wa kansa haka. A Najeriya kuwa Dokar Makamai ta 1959 ta hana, aikin na ma'aikatun gwamnati ne irin su DICON da aka kafa a Kaduna a 1964. Saboda haka in kana gida, ka nisanci abin nan baki ɗaya. Maganata da wanda ke inda aka halatta ce, har ya sayi ƙaramar libarba yana sha'awar koyo.

Tsorona ɗaya ne, raini. Mutum ya ɗauki harsashin .32 ya ga bai kai ɗan yatsansa ba, sai hankalinsa ya kwanta. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ka san mafarautanmu da bindigar toka, yadda suke zuba albarushi a tafin hannu su kimanta da ido. Wancan baƙin albarushi ne, mai yawan hayaƙi, yana da ɗan haƙuri da kuskure. Na cikin harsashin zamani wani abu ne daban, marar hayaƙi, irin wanda Paul Vieille ya fara haɗawa a Faransa a 1884, kuma ba ya yafiya. Ana auna shi da giren, giren 7,000 ke yin fam ɗaya, giren 15 da ɗoriya ke yin giram ɗaya. Abin da ƙaramin harsashin harbin allo ke ci bai kai rubu'in giram ba. Wane ido ne zai auna wannan? Sikeli ne kawai, shi ma sai ka gwada gaskiyarsa kafin ka fara.

Ga inda haɗarin ya ɓuya. Harsashin .32 S&W Long ya fito a 1896, .38 Special kuma a 1898, dukansu an yi kwansonsu ne don baƙin albarushi mai cin wuri. Da aka koma marar hayaƙi, ɗan abin da ake bukata sai ya kwanta can ƙasan kwanso, sarari ya rage da yawa. Idan waya ta yi ƙara ko yaro ya kira ka, ka dawo ka sake zubawa a kwanson da ka riga ka zuba, ba zai tumbatsa ba balle ka lura. Dalma za ta zauna daidai, harsashin ya yi kama da 'yan'uwansa. Sai ranar harbi ƙarfe ya tsage a hannunka, kusa da fuskarka. Don haka nake roƙonka, kafin ka rufe ko ɗaya, jera su a faranti, ka haska tocila ka leƙa cikin kowanne. Gwangwanin albarushi ɗaya tak za ka ajiye a kan tebur, kuma ka rufe ƙofa.

Masu ƙera makamai sun yi nasu ƙoƙarin. Da aka fito da .357 Magnum a 1935, an ƙara wa kwansonsa tsawo kaɗan don kada ya shiga tsohuwar libarba ta .38. Haka aka yi wa .32 H&R Magnum a 1984 da .327 Federal Magnum a 2008. Ƙungiyar SAAMI, wadda ke tsara wa masana'antar ma'auni tun 1926, ta ƙayyade wa .32 S&W Long matsin fam 15,000 a kan kowane inci murabba'i, .327 kuwa 45,000, ninki uku ke nan, alhali kaurin dalmarsu ɗaya ne. Mai ɗuri a gida shi ne ke iya rushe wannan katanga, in ya cusa ƙarfin dogon kwanso a cikin gajere ya sa a tsohuwar bindiga. Za a ba ka labarin Elmer Keith na jihar Idaho, wanda gwaje-gwajensa suka share hanyar harsasan Magnum. Ka tuna shi kansa libarba ta taɓa fashe masa, Allah ne ya yi da sauran kwanansa.

Ka riƙi littattafan awo na Lyman ko Speer ko Hornady, waɗanda aka gwada alƙalumansu da na'ura. Fara daga mafi ƙanƙantar awon da suka rubuta, ka hau a hankali, kada ka wuce iyakarsu ko da wani ya rantse maka shi ya wuce lafiya. Kada kuma ka sauka ƙasa da farkonsu wai don neman sauƙi, domin dalma na iya maƙalewa a cikin bututu. A filin gwaji, in ka ji harbi ya fita da raunin sauti, ko bindigar ba ta motsa a hannunka kamar yadda ta saba ba, ɗauke yatsanka daga kunama. Zare sauran harsasan, ka zura sanda ka tabbata bututun a buɗe yake. Harbi na biyu a kan dalmar da ta maƙale shi ke kumbura ƙarfe ko ya fasa shi. Sa tabarau da abin toshe kunne, ka rubuta kowane awo da sakamakonsa a littafinka.

Sai dalma. Mu da muka ga abin da gubarta ta yi wa yaran ƙauyukan Zamfara a 2010 ba ma bukatar dogon bayani. Ƙurarta na cikin tsofaffin kwanso da hayaƙin harbi. Kada ka ci ko ka sha a wurin aikin, ka wanke hannu da sabulu, ka canza riga kafin ka ɗauki jikana.