WA ZAI TSAYA MAKA?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Makon da ya wuce, bayan sallar la'asar, wani saurayi ɗan garinmu Kuyello ya tsaya jirana a ƙofar masallaci. Na san mahaifinsa, Allah Ya ji ƙansa, manomi ne na gaske. Bayan mun gaisa ya ce: "Malam, na gaji. Na je Funtuwa, na je Zariya, na je Kaduna. Duk inda na nemi aiki, ko gadi ne ko tsaron shago, tambaya ɗaya ake min: wa zai tsaya maka? Da na ce daga Birnin Gwari nake, sai in ga fuskar mutum ta canza."

Na ce: "To ɗana, su wa ka sani a can?" Ya ce: "Malam, waɗanda suka san ni ai wasu sun rasu, wasu suna gudun hijira, wasu ko lambarsu ba ni da ita."

Wannan magana ta tsaya min a rai, don ba shi kaɗai ba ne. Duk wanda ya san gabashin Birnin Gwari, daga Kuyello zuwa Damari, Kutemeshi da Dogon Dawa, ya san abin da shekarun nan suka yi mana. An bar gonaki, an rufe makarantu, ƙauyuka sun watse. Yaron da ya taso cikin wannan hali, takardar makarantarsa ta tsaya a hanya, mai unguwar da zai sa masa hannu ya yi ƙaura. A watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari bayan sulhun da aka yi, motoci suka dawo hanya, Alhamdu lillahi. Amma buɗe kasuwa ya fi dawo da yarda sauƙi.

Kafin a zargi masu ɗaukar aiki, a yi musu adalci. Mutum ya sha jin labarin infoma, ya ga an haɗa baki da yaron gida an ɗauke maigida. Idan ya nemi garanto bai yi laifi ba, shari'a ba ta hana mutum kiyaye dukiyarsa da iyalinsa ba. Abin da ta hana shi ne yi wa gari guda hukunci da laifin wasu.

Ku dubi ƙissar Annabi Musa (AS) a Suratul Ƙasas, aya ta 23 zuwa ta 28. Ya isa Madyana baƙo, a guje, ba dangi, ba guzuri, ba wanda ya san shi. Ya tarar da jama'a suna shayar da dabbobi, mata biyu sun koma gefe suna jira. Ya shayar musu bai nemi ko sisi ba, ya koma inuwa ya kai kukansa ga Ubangijinsa. Da mahaifinsu ya aika a kira shi, sai ɗaya daga cikinsu ta ba da shawara a ɗauke shi aiki, ta kafa hujja da abu biyu: ƙarfi da amana. Ina ta gan su? Ƙarfin a bakin rijiya, amanar a yadda ya yi mu'amala da su. Wato aikin da ya yi a gaban idonsu shi ya zama takardar shaidarsa.

Akwai wani wuri a ƙissar da mutane kan tsallake. Da Musa ya zo gaban dattijon nan, ya ba shi labarinsa duka, har da abin da ya koro shi daga Masar. Bai ɓoye ba, bai canza gari ba. Shi kuma dattijon ya kwantar masa da hankali, suka yi yarjejeniya a fili: shekara 8, in ya cika 10 ganin damarsa ne, kuma ba za a tsananta masa ba.

Haka a hijirar Manzon Allah (SAW). Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha (RA) cewa shi da Sayyidina Abubakar sun ɗauki wani mutum ɗan ƙabilar Banu Dil ya nuna musu hanya, alhali yana kan addinin Ƙuraishawa. Suka damƙa masa raƙumansu biyu, suka yi alkawari ya same su a kogon Saur bayan kwana uku, ya kuma zo. Ƙwarewarsa da amanarsa aka duba.

To ya kai matashi, ga abin da na faɗa wa wancan ɗan'uwan naka, kai ma ka riƙe.

Na farko, fara da aikin da ba a neman garanto, wanda ake biya da yamma: ƙwadago a gona lokacin karyar masara da yankan waken suya, dako a kasuwa ranar da take ci, leburanci a wajen gini, ga-ruwa. Kada ka ce ka fi ƙarfinsa. Hadisin Zubairu bn Awwam a Bukhari ya nuna cewa mutum ya ɗauki igiya ya yo itace ya sayar ya fi masa roƙon mutane. Abdurrahman bn Auf ya isa Madina hannu biyu, aka yi masa tayin rabin dukiya, ya ce a nuna masa kasuwa kawai.

Na biyu, tsaya wuri ɗaya. Wanda yau yana nan gobe yana can ba mai iya shaidarsa. Ka riƙe maigida ɗaya, layi ɗaya a kasuwa, masallaci ɗaya. In ka yi wata uku ba a kama ka da ƙarya ba, ba ka ci canjin kowa ba, wallahi ka samu garanto ba tare da ka roƙa ba.

Na uku, nemi abin da za ka iya samu na halal: lambar NIN, takardar shaidar ƙaramar hukuma, wasiƙa daga dagaci ko hakimi. In ka sauka wani gari, ka gabatar da kanka ga mai unguwa da liman, ka nemi 'yan garinku da suka riga ka zuwa. Ka yi rajista da ƙungiyar sana'arka, ko ta 'yan dako ce ko ta 'yan acaɓa.

Na huɗu, kada ka yi ƙarya. Kada ka sayi takardar bogi, kada ka ce kai ɗan wani gari ne, kada ka ba wani kuɗi ya ce shi kawunka ne. Shaidar zur na cikin manyan zunubai, kuma ranar da asiri ya tonu ba kai kaɗai za ka faɗi ba, duk ɗan Kuyello da zai zo bayanka ka rufe masa ƙofa.

Na biyar, kuma shi ya fi tsorata ni. Akwai maigidan da ba ya tambayar garanto ko kaɗan, shi ne daji. Zai ce kai mana mai a jarka, kawo burodi, sayo mana kati, gaya mana wa ya sayar da hatsi. Kuɗinsa a hannu, ya ninka na lebura. Ɗana, wannan ba aiki ba ne, sayar da jinin maƙwabcinka ne, kuma ƙofa ce da shiga ta fi fita sauƙi. Gara ka kwana da yunwa.

Ku kuma Alhazai masu shaguna, masu gonaki, masu motoci, ku ji tsoron Allah game da yaran nan. Ba na ce ku miƙa makullin sito ga wanda kuka gani yau ba. Ku gwada shi da ƙaramin abu: aike, lodi, shara, sannan ciniki kaɗan. An ruwaito cewa wani ya zo yana yabon wani a gaban Sayyidina Umar (RA), sai ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne, ko sun yi tafiya tare, ko sun yi hulɗar kuɗi. Da ya ce babu ko ɗaya, Umar ya ce to bai san shi ba. Kun ga sani na gaskiya daga mu'amala yake fitowa, kuma mu'amala ba ta yiwuwa sai an ba mutum dama. Sannan kada rashin gatansa ya sa ku rage masa lada ko ku riƙe masa haƙƙi. A yanka ladan tun farko a gaban shaidu, a biya kan lokaci. Duk yaron da kuka kora don sunan garinsu kawai, ku sani akwai mai jiransa a bayan gari.

Mu malamai da dattawa ma akwai namu. Shaida daban, lamuni daban. Shaida ita ce ka faɗi abin da ka sani, ba ƙari ba ragi. Lamuni kuwa ɗaukar nauyi ne: hadisin Abu Umama da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito ya tabbatar cewa mai lamuni shi ke biya. Don haka kada ka sa hannu don kunya a kan wanda ba ka sani ba, kada kuma ka noƙe ga wanda ka san shi ka san gidansu. Da kowane masallacin Juma'a zai ware dattawa uku da matasa za su riƙa zuwa wurinsu, su bincika, su rubuta wa wanda ya cancanta takarda, da an rage wannan kuka.

Shi wancan saurayin na rubuta masa abin da na sani: na san mahaifinsa, na san shi a sahun sallah tun yana ƙarami, ban taɓa jin an kawo ƙararsa ba. Ban rubuta cewa ya iya lissafin shago ba, don ban gwada shi ba. Ya karɓa ya tafi, har yanzu yana nema. Ku sa shi a addu'a.

Allah Ya buɗa wa matasanmu ƙofofin halal, Ya tsare su daga haram, Ya dawwamar mana da zaman lafiya a Birnin Gwari da ƙasa baki ɗaya. Wanda ya karanta ya tura wa wanda zai amfana.

Wallahu a'alam.