Malam, Ajiye Jan Biron Nan Ka Ci Tuwo da Iyalinka

Da la'asar sakaliya za ka gan su a shataletalen Farin Gada, malaman Jami'ar Jos suna dawowa daga harabar jami'ar da ke Naraguta, wani a motarsa, wani a Keke Napep, da ƙunshin takardun jarrabawa a hammata. An tashi aiki, amma aikin ya biyo su gida. Da ku nake, Malam da Malama, Dokta da Farfesa. Sannunku da ƙoƙari, Allah Ya saka da alheri.

Jami'ar nan ta soma a 1971 a matsayin reshen Jami'ar Ibadan, ta tsaya da ƙafafunta a 1975, kuma a wuyanku take tafiya har yau. Gobara ta cinye ɗakin karatu na Naraguta a 2016, kuka ci gaba da koyarwa. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022 ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, aka riƙe albashi. Da aka dawo aka matse zangon karatu, ku kuka sha wuyar. Wanda ya jure wannan ba ya bukatar ya kwana a zaune don a san jarumi ne.

Ga lacca a aji maƙil da ɗalibai, ga duba takardu, ga taron sashe da ba ya ƙarewa, sannan a ce ba ƙarin girma sai an wallafa maƙala. Sha ɗayan dare ɗalibi ya bugo: "Malam, ya maganar babi na uku?" Kai kuma ka ɗauka, tuwo na hucewa. Masu tumatir na kasuwar Farin Gada sun sani, kwandon da aka danƙara fiye da kima, na ƙasa ne ke fara fashewa. A wurin malami, na ƙasan nan su ne barci da lafiya da yaran da suka yi ta jiran Baba har suka ɓingire.

Tun 2012 doka ta ba farfesa damar aiki har shekara 70. Tafiya ce mai nisa, ba a fara ta da gudu. Hutun shekara haƙƙinka ne, ka karɓa. Na san wasu na mayar da hutun sabatika wata koyarwar a wata jami'a, kuma ban ga laifinsu ba, tun da aka cire tallafin mai a 2023 albashi ba ya kai wata. Amma ko a haka a tsaga wa jiki rabonsa.

Malama ita nata biyu ne, ta sauke alli ta ɗora tukunya. Maigida, in ka gan ta da takardu, kama mata yaran, ba faɗuwa ba ce. Shugabannin sassa kuma ku raba darussa da adalci, ku daina jibga wa ƙananan malamai don ba su iya musu.

Ka sanar da ɗalibanka lokacin ganinka a ofis, bayan isha'i kuma waya ta huta. Ka je a auna maka jini cikin makon nan. Asabar mai zuwa ka bar jakar a rufe, ka ɗauki yara ku je gaida dangi.