Jita Ɗaya, Yara Goma

Karatu: 1 Tarihi 25:1-8

Wataƙila kai ne matashin da ikilisiya ta danƙa wa jita, aka ce ka koya wa yara, alhali kai ma ba ka daɗe da iyawa ba. A ƙauyukanmu na wajen Bichi, Tsanyawa da Dambatta, sau da yawa jitar ɗaya ce tak, yaran kuwa sun kai goma. Da damina ma ba ka samunsu sai sun taso daga gona. To, wa za ka ba wannan ɗan lokaci? Yaron da ke kama kiɗa nan take, ko wanda yatsunsa suke ta kuskure?

Zuciya za ta ce maka mai baiwa, kuma tana da hujja. Kirsimeti na zuwa, ƙungiyar mawaƙa na bukatar makaɗi, kai ma kana so a shaida ka iya koyarwa. Amma ka lura. Jita tsirkiya shida gare ta, ta ƙarfe kuwa tana cin kan yatsa na makonni kafin kanta ta fito. Mai ƙananan yatsu ba ya iya danne ta sosai. Yarinyar da ta wuni tana daka da ɗiban ruwa ba ta taɓa jita sai ranar darasi, ɗan gidan da ake ajiye ta kuwa kullum tana hannunsa. Abin da kake kira baiwa, wani lokaci dama ce wani ya samu, wani ya rasa.

A karatunmu na yau, Dawuda ya keɓe iyalan Asaf, Heman da Yedutun domin kiɗa a gidan Allah. Horarrun mawaƙa 288 ne, amma da aka zo rabon aiki kuri'a aka jefa, ba a fifita babba a kan ƙarami ko malami a kan ɗalibi ba.

Kai ɗan manomi ne. Ka san gero yana riga dawa nuna, ba wanda kuma yake tuge dawa don an riga an girbe gero. Yaron da ka ƙyale a gefe ba zai yi ƙara ba. Zai daina zuwa darasi ne, wataƙila daga baya ya daina zuwa sujada.

Saboda haka ka raba lokacin daidai, kowa ya riƙe jitar. Masu jira su riƙa tafi suna koyon ƙidayar kiɗa. Mai saurin kamawa ka sa ya nuna wa na baya, ta haka shi ma yake ƙara ƙwarewa. Kai ma kada ka daina koyo.

Addu'a: Ya Uba, ka ba ni haƙuri da adalci, kada in rena yaron da kai ba ka rena ba. Cikin sunan Yesu, amin.