Laifin Wa Ne: Hannun Kaka Ko Murfin Kwalba?

Mai karatu, ka taɓa ganin kakarka tana kokawa da murfin kwalbar magani? Ta murɗa, ta sa haƙori, ta kama da bakin zane, daga ƙarshe ta miƙo maka tana cewa, "Ungo ɗan nan, tsufa ya zo." Kai kuma ka buɗe ka miƙa mata, zance ya wuce. To ni dai zancen bai wuce mini ba. Shin laifin hannun kaka ne, ko na wanda ya zauna ya tsara murfin bai tuna da hannu irin nata ba?

Kada ka ɗauka wasa ne. A kan wannan tambaya ɗalibai ke shafe shekaru a jami'a, a fannin zayyanar kayayyaki. Ko a nan gida, Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana da sashen zayyanar kayan masana'antu. Ban da zane da sanin halin ƙarfe da roba da yumɓu, a yau ana matsa wa ɗalibin wannan fanni a jami'o'in duniya da tambayoyi uku. Wa zai yi amfani da abin nan? Wa aka bari a baya? Idan ya mutu, ina gawarsa za ta?

Bari in ba ka labari mai kama da fim. A 1979, wata matashiya 'yar shekara 26 mai suna Patricia Moore tana aiki a kamfanin shahararren mai zayyana Raymond Loewy a birnin New York na Amurka. Wata rana ta kawo shawarar a yi ƙofar firji da mai ciwon gaɓɓai zai iya buɗewa, aka nuna mata ai ba don irin waɗannan mutane ake aiki ba. Abin ya tsaya mata a rai. Sai ta nemi gwanar kwalliyar 'yan wasa ta mayar da ita tsohuwa tukuf. Ta toshe kunnuwanta, ta sa tabarau mai dishi-dishi, ta ɗaure yatsunta don su ƙi lanƙwasuwa. Daga 1979 zuwa 1982 ta zaga birane sama da 100 a Amurka da Kanada a wannan kama. Ta ga yadda matakalar bas ke zama dutse, ta ga mai kanti na kau da kai, har wasu matasa suka taɓa yi mata dukan kawo wuƙa.

Wahalarta ba ta tafi a banza ba. Tana cikin waɗanda suka ba da shawara lokacin da Sam Farber ya fito da kayan girki na OXO a 1990, bayan ya ga matarsa mai ciwon gaɓɓai tana fama da abin fere. Aka yi masa mariƙi mai kauri, na roba mai taushi. Ka san abin mamaki? Masu lafiyar hannu su ma suka yi ta rububinsa. Ashe abin da aka yi don mai rauni ba ya rage wa mai ƙarfi komai.

Amma tsaya, kada mu yi saurin tafi. Kai da ke kallon fim ka sani, jarumar da ta fito a makauniya, da darakta ya ce a tsaya sai ta buɗe ido ta nemi jakarta. Patricia ma idan dare ya yi wanke fuska take yi ta koma budurwa. Kaka kuwa da tsufanta take kwana. Shi ya sa malaman fannin ke cewa kwaikwayo bai isa ba, sai ɗalibi ya je ya zauna da mai abin, ya saurare shi, ya ba shi samfuri ya gwada ya kushe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Tambaya ta uku ita ce mai ɗaci, domin ta taɓa aljihu. A 1924 manyan kamfanonin ƙwan lantarki, ciki har da Osram da Philips, suka haɗu a Geneva suka ƙulla cewa kada ƙwai ya wuce awa 1,000 yana ci, har da tara ga wanda nasa ya zarce. Wato an sa masu ilimi su yi amfani da iliminsu wajen rage wa kaya kwana. To ɗalibin da aka koya wa yin abu mai ƙarko, mai gyaruwa, ya fito ya samu maigidan da cinikinsa ya dogara da lalacewar kaya, yaya zai yi? Digiri ba ya amsa wannan. Sai dai hali.

Wani lokacin ma alheri biyu ne ke karo. A 2021 Tarayyar Turai ta hana sayar da 'yar robar zuƙar lemo saboda sharar da take tarawa a teku. Abu mai kyau. Sai dai akwai naƙasassun da ba sa iya ɗaga kofi, ta takarda kuma jiƙewa take yi, ta ƙarfe tana iya ji musu ciwo. Ka ga gyaran da bai tambayi kowa da kowa ba, yakan zo da tasa ɓarnar.

Za ka ce duk wannan na Turawa ne. A'a. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jihar Jigawa, ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi. Ruwan na bushewa, cikin tukunyar na yin sanyi, kayan miya su daɗe ba su ruɓe ba. Ba wuta, ba fetur, maginan tukwane na gari ke yi, idan ta fashe ta koma ƙasar da ta fito. Da wannan ya ci lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ilimin da ke ciki tsoho ne. Abin da ya ƙara shi ne ya dubi manomin da ba shi da lantarki ya ɗauke shi mutum.

Ni a ganina jami'a za ta iya koya wa yaro tambayoyin nan uku, ta kuma tilasta masa fita ya ji amsa daga bakin mutane, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Amma ba ta iya sa shi ya damu. Duk wani abu da ke hannunka, daga kujera zuwa wayar salula, shaida ce a kan wanda maƙerinsa ya tuna da wanda ya manta.

Saboda haka gobe idan kaka ta miƙo maka kwalba tana ba da haƙuri, ka buɗe mata, ka kuma gaya mata ba laifinta ba ne. In Allah Ya ja kwana, hannunka ma nata zai koma. Allah Ya sa mu dace.