Gyaran Zuciya Kafin Cikar Rumbu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi na Tasawa da Mayahi, ba mu manta da yunwar 2005 ba, wadda ta biyo bayan ƙarancin ruwa da farin ɗango na 2004. Gero bai yanke a kasuwanni ba, tsada ce ta gagari talaka, alhali wasunmu, har da masu sahun farko, sun kulle rumbuna suna jiran farashi ya hau. Shari'a kuwa ta hana ɓoye abinci. Ina amfanin karatunmu in bai taɓa rowar zuci ba? Idan kaka ta yi, mu fitar da zakka tun daga gona, mu aiki 'ya'yanmu su miƙa wa mabukata da hannunsu, domin su saba. Allah Ya tsarkake zukatanmu, amin.