Ribar Rashin Sanin Wani: Halal Ce Ko Cuta?

Duk wanda ya saba shiga kasuwanninmu na wannan yanki, tun daga Zagga zuwa Bagudo, Ka'oje, Illo, Lolo da Tsamiya, ya san layin 'yan gwanjo. Galibin kayansu daga ƙasashen ƙetare suke tasowa, su sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, su hauro arewacin Jamhuriyar Benin, har su iso gare mu. Ban da riguna da takalma da jakunkuna, a kan ga wani ya shimfiɗa buhu a ƙasa ya zube kayan wasan yara: ƙananan motoci na ƙarfe, 'yan tsana masu gashin roba, jiragen sama da fukafukansu suka karye. Mai kayan bai ɗauke su da wani muhimmanci ba. Kuɗin ƙosai ya isa a sallama maka ɗaya.

To amma akwai 'yan kaɗan daga cikinmu da idan suka tsuguna gaban wannan buhu, ba don yaro suke zaɓe ba. Sai ka ga mutum ya kifa 'yar motar yana karanta rubutun da ke ƙarƙashinta. Abin da yake nema shi ne suna da shekara. Motocin Matchbox, alal misali, kamfanin Lesney na birnin Landan ya fara yin su a 1953, kuma kamfanin ya durƙushe a 1982. Na Dinky an ƙera su a Libaful daga 1934 zuwa 1979. Tunda masana'antun nan sun rufe, abin da ya saura a duniya kullum raguwa yake, masu nemansa kuwa suna nan. A 1994 an yi gwanjon wata 'yar tsana mai siffar dabba, ƙirar kamfanin Steiff na Jamus, a Landan, aka saye ta fam 110,000. Saboda haka ba abin mamaki ba ne wani abu da aka zubar a wata unguwar Turai ya biyo dila ya faɗo hannun wanda ya san shi a bakin iyakarmu.

Tara irin waɗannan kaya ba laifi ba ne, domin kowa da kiwon da ya karɓe shi. Tambayar da ta dame mu ita ce wannan: idan mun san abu yana da daraja, mai sayarwa kuwa bai sani ba, muka biya shi kuɗin ƙosai muka tafi muna murmushi, shin ciniki muka yi ko cuta?

Tambayar ba sabuwa ba ce. A shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), masanin nan na Rum, Sisaro, ya kawo ta a cikin littafinsa kan haƙƙoƙin da ke wuyan ɗan Adam: mutum yana sayar da zinariya alhali yana zaton tagulla ce, shin mutumin kirki zai faɗa masa ko zai saye ya yi shiru? Fiye da shekara dubu biyu ke nan, har yau ba ta tsufa ba. A 2021 wasu tsofaffi biyu, mata da miji, a ƙasar Faransa sun sayar wa wani dillalin tsofaffin kaya da wani abin rufe fuska na katako, sassaƙar ƙasar Gabon, a kan yuro 150. A 2022 aka yi gwanjonsa a kan yuro miliyan 4.2. Suka kai ƙara, amma a Disamban 2023 kotu ta ce cinikin ya tabbata, su ne suka yi sakaci da ba su bincika ba.

Bari mu fara sauraron hujjar mai saye, domin tana da ƙarfi. Zai ce mana kowa ya ci zomo ya ci gudu. Sanin da ya yi wa kayan ba tsintarsa ya yi ba, karatu ya yi, ya ɓata lokaci. Idan likita da makaniki suna cin abinci da saninsu, don me shi za a hana shi? Na biyu, shi ke ɗaukar hasara. Cikin motoci ɗari da ke kan buhu, da wuya a sami ɗaya mai wata daraja, don masu tara su suna son wadda fentinta bai goge ba, har ma da kwalinta na asali, abin da ba kasafai yake tsira daga dila ba. Na uku, darajar abu tana inda ake nemansa. Farashin Landan ba shi ne farashin Zagga ba. Da bai saya ba, da yaro ya saye ta ya cire mata tayoyi kafin magariba, ko ta ƙare a buhun 'yan jari bola a auna ta a kilo. Mai kaya ya sa kuɗinsa da bakinsa, an biya shi, ya ce ya sallama. Ina zaluncin?

Mun yarda da wannan har zuwa wani matsayi. Ba wajibi ba ne mai saye ya buɗe makaranta a gaban kowace rumfa. Sai dai akwai iyakoki guda uku da idan aka tsallaka su, ciniki ya koma wani abu dabam.

Na farko shi ne ƙarya. Akwai bambanci tsakanin yin shiru da kushe kaya. Wanda ya san abin da ya riƙe, amma ya yamutsa fuska ya ce, "Haba Alhaji, wannan tarkacen ai ko yaro ba ya so, taimakonka kawai zan yi," ya gina cinikinsa a kan yaudara. Saninsa bai yi masa aiki a nan ba, harshensa ne ya yi.

Na biyu shi ne amana. Idan mai kaya ya dube mu ya ce, "Malam, kai ne mai karatu, don Allah me wannan zai kai?" to daga wannan lokaci mun tashi daga abokin ciniki mun koma wanda aka nemi shawararsa. Malaman fiƙihu na mazhabar Malikiyya sun bambance tsakanin wanda ya yi ciniki da wayonsa aka fi shi, da wanda ya miƙa wuya ya dogara da gaskiyar abokin cinikinsa. Na biyun ne suka ba damar warware cinikin idan aka cuce shi. Haka nan an hana tarar fatake a hanya a saye kayansu kafin su isa kasuwa su ji farashi. Hikimar a fili take: kada a mai da rashin sanin mutum tarko.

Na uku shi ne rauni. Dillalin da ya fasa dila ya san sana'arsa, ya kuma riga ya lissafa ribarsa a kan buhun baki ɗaya. Ba daidai yake da yaron da aka bar wa jiran kaya ba, ko matar da mijinta ya rasu ta fito da 'yan komatsansa don ta sayi hatsi. Arahar da yunwa ta haifa ba sa'a ba ce.

Wani zai ce mun cika tsanani a kan 'yar motar wasa. To, mu juya madubin. Mu da muke jin daɗin mun fi ɗan gwanjo sani, mu ne aka daɗe ana yi wa haka. A shekarun 1990 an yi ta haƙe tsofaffin mutum-mutumin yumɓu a yankin Nok da ƙasashen Sakkwato da Katsina, 'yan ƙauye suna karɓar abin da bai taka kara ya karya ba, kayan kuma suna ƙarewa a manyan shagunan Turai. Ɓarnar ta kai har a shekarar 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa su cikin jerin kayan tarihin Afirka da ke cikin haɗari. Tsofaffin akusa da tasoshi da takubba da rubuce-rubucen ajami nawa suka bar gidajenmu ta irin wannan hanya? Rashin sani ya sa kaza ta kwana kan dami. Duk hujjar da muka ba mai sayen 'yar mota, ita ce dillalin kayan tarihi zai ba mu: ku kuka sa kuɗi, ku kuka sallama. Idan ta yi mana ɗaci a bakinsa, bai kamata ta yi mana zaƙi a namu ba.

Har ila yau, muna neman tambarin Ingila a ƙarƙashin mota, alhali motar kara da dokin kara da 'yar tsanar ƙashi da shanun laka da muka tashi da su suna ɓacewa, babu mai ajiye ko ɗaya. Ranar da wani baƙo zai zo nemansu, mu ne za mu zauna gaban buhu ba mu san abin da muke sayarwa ba.

Ra'ayinmu shi ne, cin ribar sani halal ne matuƙar babu ƙarya, babu cin amana, babu danne mai rauni. Amma shari'a ƙasan mizani take tsayarwa, mutunci kuwa yana sama da haka. Wanda Allah Ya ba sa'a ya sayar da abin da ya saya arha da tsada mai yawa, me zai rage shi idan ya koma ya ce, "Alhaji, kayan nan ya yi albarka, ga naka"? Ma'aunin da muke ba kanmu da ɗalibanmu mai sauƙi ne. Kafin mu miƙa kuɗi, mu tambayi zuciyarmu: idan mai kayan nan ya ji cikakken labari gobe, za mu iya haɗa ido da shi ranar kasuwa mai zuwa? Idan amsar a'a ce, to a ƙara masa, ko a faɗa masa, ko a ajiye masa kayansa. Allah Ya tsare mu da cin haƙƙin wani, komai ƙanƙantarsa.