Shin Ya Dace Mu Ɓoye wa Matasa Ɗacin Girma?

A cikin littattafan da ake ɗora wa ɗaliban sakandare akwai rukunin da ya fi sauran kama zuciyarsu, wato labaran da ke ɗauko yaro tun yana ɗanye su bi shi har ya mallaki hankalin kansa. Dalili kuwa a fili yake, domin shi ma mai karatun yana tsakiyar wannan tafiya. Tambayar da ke gabanmu, mu malamai da masu shirin zama malamai, ita ce: shin wajibinmu ne mu nuna wa ɗan shekara 15 cewa girma yana da ɗaci, ko kuwa mu lallaɓa shi da labarin da kowane mai haƙuri ke cin ribar haƙurinsa?

Mu ɗauki Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933. An saba koyar da shi a matsayin madubin haƙuri da tawakkali: maraya ne aka sace, ya faɗa hannun masu cinikin bayi, Balarabe Abdulkarim ya riƙe shi kamar ɗansa, ya ƙetare hamada da shi, ya yi karatu har ya zama shaihin da almajirai ke kewayewa. Ɗalibi ya haddace wannan, ya zuba a takardar jarrabawa, ya ci. Amma ina uwar Umar? Ita ma ta yi haƙuri, har ma ta fi ɗanta. Ta bar gida ta bi sawunsa, aka yaudare ta aka sayar, ta sha uƙubar bauta shekara da shekaru, ranar da Allah ya haɗa fuskokinsu kuwa ƙarfinta ya riga ya ƙare, ba ta jima ba ta cika. Marubucin bai ɓoye wannan ba. Mu ne muke tsallake shi a aji, saboda ba ya shiga cikin darasin da muka riga muka shirya.

Masu ra'ayin a kare yara suna da hujja, kuma ba ta wasa ba ce. Sukan ce zuciyar matashi ɗanyen icce ce, inda aka tanƙwara ta nan take miƙewa, wanda aka cika masa kunne da labarin rashin nasara yana iya yanke ƙauna tun bai fara ba. Mun yarda da rabin maganar. Sai dai yaron da ke zaune a benci na baya wataƙila ya riga ya binne mahaifinsa, ko an kore shi sau biyu saboda kuɗin makaranta. Idan muka ce masa duk mai haƙuri yana dacewa, to ko dai ya ɗauka ƙarya muke yi, ko ya ɗauka laifinsa ne da bai dace ba. Na biyun ya fi muni.

Wannan ne ya sa muke ganin darajar Weep Not, Child na Ngugi wa Thiong'o, wanda aka buga a 1964. Njoroge ya sakankance cewa ilmi zai fitar da gidansu daga ƙunci a Kenya ta zamanin Mau Mau. Aka fizge shi daga makaranta, aka azabtar da shi, mahaifinsa ya mutu, har ya nufi rataye kansa, sai muryar mahaifiyarsa ta dawo da shi. Babu ladan da ya samu, in ban da cewa ya koma gida da ransa. Ɗalibin da ya karanta wannan ya san cewa mafarki yana iya rushewa mutum bai rushe tare da shi ba.

Akwai kuma wani gefen da ya fi ba mu tsoro, wato girman da ke zuwa ta hanyar ƙin biyayya. A cikin Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, an cire Abu daga makaranta aka aurar da ita ga tsoho. Da ta zauna ta yi irin haƙurin da muke yabawa, da labarin ya ƙare a ɗakinsa. Ta gudu, ta koma karatu, ta zama ma'aikaciyar jinya. Malamin da ya shiga aji da wannan littafi dole ya amsa wa 'yan mata arba'in ko Abu ta yi daidai, alhali ya san wasunsu za su koma gida su tarar da irin wannan magana tana jiran su.